Salifu da Baƙon da ke Cikin Fara

Kwana goma sha huɗu Salifu ya ce zai yi a Tamanrasset. Haka ya faɗa wa yayarsa Zainaba ranar da ya sauko daga kamyon Agadas, babbar motar kaya, da 'yar jakarsa a kafaɗa da takalmi ɗaya a hannu, domin igiyarsa ta tsinke tun a Arlit. A farkon shekarar 1997 aka yi wannan magana. Ga shi kakar 1999 ta shigo, kuma duk wanda ya bi ta ƙofar kantin Mahamane, mijin Zainaba, a unguwar Tahaggart, zai ga Salifu a kan benci ya miƙe ƙafa yana kallon masu wucewa.

Kada a ɗauki alhakinsa, ya nemi aiki. Ya yi kwana huɗu yana ɗaukar bulo a wajen gini, ƙugunsa ya ce bai san zancen ba. Ya yi mako guda yana tura baro a kasuwa, har ranar da ya tsaya kallon yadda ake ɗora wa raƙumi kaya, mai albasar da ke cikin baron ta yi ta nemansa har azahar. Abu ɗaya ne Allah ya ba shi wanda bai ba kowa ba a unguwar, shi ne iya zama. Salifu kan zauna tun hantsi har la'asar yana kallon tururuwa suna jan ɓarɓashin burodi, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka wace ce ta yi sawu bakwai, wace ce ta yi ha'inci. Ban da wannan, ba ya wasa da kwano.

Tsakanin mutum da ƙanen matarsa akwai wasa, kuma wannan wasa shi ya ɗaure Mahamane shekara biyu da wata tara. Duk hannunka-mai-sandan da ya yi, da dariya yake fitowa, da dariya kuma ake karɓarsa. Ya taɓa cewa shi dai ya ji manya na cewa baƙo raɓa ne. Salifu ya ce gaskiya ne, kuma tunda garin nan ba a raɓa, shi ya sa Allah ya kawo shi. Zainaba ta yi dariya har da riƙe ciki, maganar ta mutu a nan.

Sai wata Alhamis da safe Mahamane ya faɗi maganar fuskarsa ba ko murmushi. Ya ce kamyon Tasi'u direba zai tashi zuwa Agadas nan da Alhamis uku, kuma ya riga ya kama wa Salifu wuri. In kafin ranar ya sami aiki na gaske, wanda ake tashi a tafi, falillahil hamdu. In bai samu ba, ya gaida mutanen gida.

Ranar Salifu ya bar tuwo a kwano, abin da ba a taɓa gani ba. Tsoro ne ya kama shi, da kunya. Innarsu tana can ƙauyensu na kusa da Matamai tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa autanta yana Aljeriya yana aiki. Ya hango kansa yana shiga garin da jakar da ya fita da ita, mata suna leƙowa ta kan danga. Kuma akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: yana son gidan nan. Yana son hayaniyar Zainaba da sassafe, yana son shayin Mahamane mai ɗaci, har tsokanar ma yana so.

Zainaba tana sayar da soyayyar fara a bakin kantin. Busasshiya ake kawo mata a buhu daga Maraɗi, ta soya da yaji da gishiri, 'yan Nijar masu aikin gini su zo da yamma su saya don kewar gida. Ranar Asabar wata Balarabiya mai tabarau da takalmin sojoji ta shigo sayen gidan sauro da kwalabe. Da za ta fita sai ta tsaya a kan tiren. Ta ɗauki fara ɗaya, ta juya ta, ta kira ta da wani dogon suna da ko a makarantar lekkol Salifu bai ji irinsa ba, sannan ta tambaya da Faransanci ko akwai wanda ya iya kama wannan da rai.

Faransancin Salifu na aji shida ne, amma ranar ya tashi tsaye. Ya ce shi da fara tare suka girma. Ya ce a garinsu tun yana shekara bakwai yake cika ƙwarya kafin rana ta fito, kuma wannan karon ba ƙarya yake yi ba.

Sunanta Madam Wasila, malama ce a wata jami'a can arewacin ƙasar, kuma ƙwari ne karatunta. Za ta je Tahifet, wani ƙauye mai lambuna a cikin duwatsu, ta yi kwana uku. Ta ce in aikinsa ya gamsar da ita, tana neman wanda zai riƙa tara mata fara a kudu shekara guda cur, da albashi da takardar aiki mai hatimi. Mahamane da ke auna sukari ya ɗago kai ya dubi Salifu, ya dubi matar, ya ce Allah ya sa ta san abin da take yi.

Litinin suka tafi cikin mota mai hawa dutse. Salifu bai taɓa zaton akwai kore a ƙasar nan ba sai da ya ga Tahifet: ɓaure, rumman, inabi, da ruwa yana bin 'yan ƙananan hanyoyi tsakanin fangaloli. Wani dattijon Buzu ne ya sauke su a lambunsa, wanda bai fi a zagaye shi cikin minti goma ba. Madam Wasila ta nuna wa Salifu irin farar da take so, wata ja-ja mai zane a gefen ido, sannan ta ɗauki ragarta ta shiga ciyawa da tsakar rana. Ta yi gudu, ta yi tsalle, sau ɗaya har ta zauna cikin ruwa. Da la'asar ta ƙirga abin da ta samu, goma sha ɗaya. Salifu ya danne dariyarsa da ƙyar. Ya ce mata ta huta, ba a bin fara da rana, ta bar masa zuwa safe.

Da aka yi sallar asuba ya ɗauki buhu ya fita. Sanyin duwatsun nan yana ratsa ƙashi, kuma shi yake so. Fara ta sandare a jikin kara, ba ta iya ko buɗe fiffike, sai dai ka tsinke ta kamar wake. Hannunsa ya tuna abin da ya shekara ashirin bai yi ba. Ya tuna har da dokar Inna: in ka kama, ka latsa cikin da yatsa. In ka ji nauyi da taushi, mace ce mai ƙwai, ita ce mai maiƙo, a buhu. In ka ji siriri, namiji ne, ƙaya ce da fiffike kawai, ba a kai wa mutumin kirki. Salifu ya ƙudura cewa baƙuwar nan ba za ta ga namiji ko ɗaya a buhunsa ba.

Bai ma yi asarar mazan ba. Kajin mai lambun sun biyo shi tun daga bakin shinge, duk namijin da ya kama sai ya cilla musu. Kafin rana ta leƙo kan dutse ya zagaye lambun sau uku. Buhu ya yi nauyi, kaji kuma sun ƙoshi har suna tafiya a karkace.

Ya ajiye buhun a gaban Madam Wasila yana jiran yabo. Ɗari da tamanin, ya ce, zaɓaɓɓu. Ta sa hannu ta ciro ɗaya, ta duba ƙarshen cikinta, ta mayar. Ta ciro wata. Ta ciro wata. Wajen ta ashirin ta cire tabarau ta goge.

"Salifu, ina mazan?"

Ya juya a hankali ya nuna mata kajin.

Ta daɗe tana kallon kajin. Dattijon Buzu, da direban motar Madam ya fassara masa, ya ja rawaninsa ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi. Madam Wasila ba ta yi faɗa ba. Ta ce laifinta ne, ita raga ta saba da ita, raga kuwa ba ta zaɓe, shi ya sa bai zo mata a rai ta faɗa ba. Maza take nema. Ta ce ya zo ya ga dalili.

A gindin ɓaure ta kafa madubin nan na likitoci mai girmama ƙananan abubuwa. Cikin sha ɗayan da ta kama jiya biyar maza ne. Ta tsaga ɗaya, ta ciro wani ɗan abu daga inda irinsa yake, ta ɗiga masa jan ruwa, ta danne tsakanin gilasai biyu, ta ce ya leƙa. Salifu ya ga wasu 'yan jajayen sanduna a warwatse. Ta ce sunansu kuromosom. Kowane mai rai yana ɗauke da su a cikin kowace ƙwayar jikinsa, rabi gadon uwa, rabi gadon uba, kuma su ne suke sa fara ta fito fara, ba kiyashi ba. Namijin wannan fara ashirin da uku yake da su. Salifu ya ƙirga, ashirin da uku. Na biyu ma haka. Da aka zo na uku ya ƙirga sau biyu, ya ɗago ya ce ko idonsa ne, ya ga ashirin da huɗu.

Fuskarta ta washe duk da ɓacin ran. Ta ce wannan na ƙarin shi ya kawo ta tun daga arewa. Wasu farin suna da shi, wasu ba su da shi, kuma marasa shi ba abin da suka rasa. Ba wanda ya san wani aiki da yake yi. Amma jiki yana ciyar da shi kamar sauran, yana kwafa shi cikin kowace ƙwaya. A wasu wurare ma har wayo yake yi, ya cusa kansa cikin 'ya'ya fiye da rabin da ya kamace shi, sai bayan zuriya da yawa sauran su koyi yadda za su taka masa birki. Tana so ta san yadda ya iso tsakiyar hamada, da ko har yanzu yana wayon. A jikin namiji ake saurin ganinsa, kuma tana bukatar maza aƙalla hamsin.

Salifu ya sake leƙawa. Ɗan sandan yana can gefe shi kaɗai, ya fi wasu ƙiba ma.

"Madam, yana ci, ba ya aiki?"

Ta ce haka ake gani.

"Kuma ba a kore shi ba?"

Ta ce korarsa ba ta da sauƙi. Salifu ya ji kunnuwansa sun yi zafi, ya tashi ya ce zai je ya sha ruwa.

Washegari da asuba ya bi lambun kara-kara, ya samo maza tara. Kaji sun yi aikinsu da kyau, maƙwabtan lambun kuma sun fesa magani makon jiya. Madam Wasila tana da wasu garuruwan da za ta je, ba ta iya ƙara kwana. A hanyar komowa ta miƙa masa buhun matan ta ce ya kai wa yayarsa. Kamar mai magana da kanta, ta ce abin takaici shi ne matan nan sun fi mazan daraja da za su yi ƙwai, domin a cikin ƙwai ake ganin yadda na ƙarin yake ratsawa zuwa 'ya'ya. Sau biyu tana ɗaukar mata zuwa arewa suna mutuwa a hanya. A nan kuma sai an ware kowace a mazubinta, wani ya zauna tun safe har yamma yana lura da wadda ta yi ƙwai da ranar da ta yi, ya riƙa jiƙa yashin kwana goma. Wa ke da wannan lokaci? Salifu ya kau da kai don kunya. Ta sauke shi a bakin titi ta yi masa godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo.

A gida kuwa biki aka yi. Zainaba ta leƙa buhun ta yi guɗa a hankali, shekara shida rabonta da ɗanyar fara mai ƙwai. Nan da nan ta ɗora ruwa. Mahamane da ya ji labarin kaji ya yi dariya har ya zauna a kan buhun shinkafa, ya ce wannan shi ne garin neman gira an rasa ido. Daga baya ya ga fuskar Salifu, ya bar dariyar ya koma kanti.

Salifu ya zauna a tsakar gida kusa da randa, bai san abin da zai yi da kansa ba. Saura kwana goma sha biyar. Can sai ya ga wata fara da ta sulale daga buhun ta sauka a gindin randar, inda yashi yake da laima. Ta tsaya. Ta taɓa ƙasar da ƙarshen cikinta, ta matsa gaba, ta sake taɓawa. Da wani ne, da tuni ya kai mata hannu ko ya kau da kai. Salifu ya zuba mata ido, domin abin da ya iya ke nan. Cikinta ya fara miƙewa yana nutsewa cikin yashin, kaɗan-kaɗan, har ya ninka tsawonsa. Da ta zare ta tafi, ya tona da tsinke ya ga ƙwai jere cikin wata 'yar kumfa.

Ruwan Zainaba ya tafasa, ta ɗaga buhun ke nan ta ji an riƙe shi ta baya.

"Yaya, ki yi wa Allah ki dakata."

Ta ce ko sanyin dutse ya taɓa masa kai ne? Ya ce ta ba shi sittin, sauran nata ne. Aka yi ciniki kamar na akuya, ta yarda, bisa sharaɗin duk wadda ta gama aikinta za ta dawo kasko.

Ya kwaso gwangwanayen tomati da na madara da Mahamane ke tarawa a bayan kanti, ya wanke. Ya ɗebo yashi daga busasshen kwarin da ya ratsa gari, ya tankaɗe da rariyar Zainaba ba da saninta ba. Ya yayyanka gidan sauronsa ya rufe bakin kowane gwangwani, ya rubuta lamba da alli daga ɗaya zuwa sittin. Kowace fara da ɗakinta da ɗanyar ciyawarta. A jikin bango ya ja layuka, ya zauna a gabansu.

Kafin Lahadi talatin da takwas sun yi ƙwai. Ya shiga taksi ya je masaukin Madam Wasila, ya yi sa'a ta dawo daga tafiya. Ta biyo shi tana shakka. Da ta ga gwangwanayen jere da bangon da ya cika da alli, kowace lamba da ranarta har da ko da safe ne ko da yamma, sai ta tsuguna tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kada ya yi saurin murna, ƙwai yakan bushe, yakan ruɓe. Za ta dawo Laraba ta sama, in sun cika kwana goma. In ta tarar 'ya'yan cikin suna da rai, za su yi magana. Salifu ya lissafa a ransa, Larabar nan jajiberin kamyon Tasi'u ce.

Wanda bai ga Salifu cikin kwanakin nan ba bai ga aiki ba, ko da yake daga nesa ba abin da ya canza: mutum ne zaune yana kallon ƙasa. Da hantsi ya fito da gwangwanaye su sha rana, in ta yi zafi ya ja su inuwa, da yamma ya kai su ɗakinsa ya lulluɓe da bargonsa saboda sanyi, shi ya kwana da riga biyu. Yana taɓa yashin da bayan yatsa, ya ɗiga ruwa da cokalin shayi.

Mahamane ya fara da mita. Ya ce an mai da masa gida gonar ƙwari, mutum ba shi da inda zai yi alwala. Kwana biyu bayan haka ya tsaya a kan lamba sha bakwai, wata ƙatuwa da ta ƙi yin ƙwai, ya tambaya me take jira. Ya sa mata suna Hajiya. Washegari da ya dawo daga kasuwa sai ga ɗaurin ɗanyar ciyawa a hannunsa, wai mai sayar da abincin tumaki ne ya tilasta masa. Ya koma shan shayinsa a tsakar gida, su biyu a kan tabarma ɗaya suna gardamar ko Hajiya rowa ce take yi ko jan aji. Ranar da ta yi ƙwan, Mahamane ne ya gani, ya bar mai sayen sabulu tsaye a kanti ya zo ya ja layin da hannunsa. Amma ko sau ɗaya bai ce an fasa maganar Alhamis ba, Salifu kuma bai tambaya ba.

Laraba da hantsi Madam Wasila ta zo da madubinta da kwalabenta. Aka share mata teburin awo. Ta tona gwangwani na farko, ta fasa ƙwai ɗaya da bakin allura. Salifu ya matso kusa. Ta leƙa, ta matsa gefe ta ce ya zo ya gani. Wani ɗan farin abu ne a naɗe, da ɗigon ido biyu.

"Yana da rai," in ji ta.

Ta yi aiki har la'asar ba ta ɗaga kai ba sai don sallah da shayi. Ta duba iyayen, ta duba 'ya'yan. Da ta gama ta ce abin da ta gani bai isa yanke hukunci ba, sai an yi shekara ana maimaitawa. Amma ga alama na ƙarin nan na Tahifet ya daina wayo: cikin 'ya'yan masu ɗauke da shi, kusan rabi ne suka gaje shi, kamar kowane kuromosom na kirki. Ya daɗe a wurin ke nan, har an saba da shi, shi ma ya saba.

Mahamane, da Larabcinsa na kasuwa, ya tambaye ta to wai daga ina wannan baƙo ya fito tun farko. Ta ce tambayar da ta hana ta barci ke nan shekara da shekaru. Wasu na ganin daga wata irin fara ya ƙetaro. Wasu kuma, har da ita, sun fi karkata ga cewa daga jikin ɗaya daga cikin na gidan ya ɓalle tun zamanin da ba wanda ya sani, ya kama gabansa, amma in ka duba shi da kyau za ka ga kamannin.

Zainaba tana tsinke fiffiken waɗanda suka gama aikinsu. Da aka fassara mata, ba ta ɗago ba ta ce, "To ai ba baƙo ba ne ke nan." Mahamane ya yi kamar bai ji ba, ya shiga hura gawayin shayi.

Sannan Madam Wasila ta ciro takarda daga jakarta. Shekara guda, da albashi duk wata. Ta ce ta riga ta yi magana da dattijon Tahifet, ya yarda ya ba Salifu ɗaki a lambunsa, in dai zai nisanci kajin. Can fara take, can ya fi dacewa ya zauna. Mota za ta kai shi jibi.

Salifu ya karɓi takardar da hannu biyu. Murna ta cika shi har ya rasa Faransancin godiya. Amma da ya dubi tsakar gidan, randar, tabarmar, bangon da ya sha alli, sai murnar ta ragu. Ko ta kamyon Tasi'u ko ta motar Madam, tafiyar dai tafiya ce. Ya ɗauka Mahamane zai yi hamdala.

Mahamane ya ajiye butar shayi. Ya tambaya, Tahifet ɗin nan ba a zuwa a dawo ne? Madam ta ce ana yi, sau biyu a wata ma ya isa, in akwai inda za a ajiye gwangwanaye a nan gari. Ya ce to ɗakin ajiyar da ke bayan kanti fa, me ya yi? Akwai taga, rana tana shiga, buhunan da ke ciki ana iya mai da su zaure. Ya juya ga Zainaba, da Hausa, yana ɗaga murya kamar ita ta kawo shawarar.

"Shekara biyu da wata tara ina ciyar da mutum yana zama a banza. Yau da zaman ya fara amfani, sai Buzu ya ɗauke mini shi? Ba inda za shi."

Salifu ya ce, "Yaya Mahamane, ai baƙo raɓa ne."

"Rufe mana baki," in ji Mahamane. "Wa ya ce da kai baƙo ne?"

Zainaba ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, ta ce yaji ne.

Alhamis da safe kamyon Tasi'u ya tsaya a ƙofar kanti ya yi oda. Mahamane ya fito da katon ɗin dabino da na taliya, ya ce a ɗora su a wurin da aka kama, a kai wa Inna. Salifu ya ba da wasiƙa. A ciki ya rubuta cewa yana lafiya, yana aiki da wata babbar malamar jami'a, kuma dokar Inna ta zaɓen fara ta kusa kashe shi kafin ta raya shi, zai yi mata bayani in ya zo da sallah. Tasi'u ya tambaya ina fasinjan nasa. Mahamane ya ce fasinja yana da aiki, ya nuna masa ƙofar ɗakin ajiya, inda Salifu ya riga ya ja bencinsa ya zauna.